Kafin Mu Buɗe Rumbu, Mu Buɗe Baki: Darasi A Kan Magana Da Sulhu A Cikin Gida

Gabatarwa

Lokacin kaka lokacin murna ne a ƙauyukanmu. Masara ta shiga gida, dawa ta nuna, ana roron wake, ikilisiya tana shirin sujadar godiya. Amma a cikin yawon da muke yi na aikin raya karkara, mun lura da wani abu da ba a cika faɗarsa a gaban jama'a ba. A daidai wannan lokaci ne fastoci, da dattawan ikilisiya, da shugabannin Zumuntar Mata suke yawan zaman sasanta ma'aurata. Da damina kowa yana gona, babu abin da za a raba. Da zarar abinci ya shigo gida sai tambayoyi su taso. Wa yake da iko a kan rumbu? Buhu nawa za a sayar? Me za a yi da kuɗin?

Rayuwa kuma ta ƙara tsada. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota da na kayan masarufi suka hau. A shekarar nan ce kuma cuta ta lalata citta mai yawa a kudancin Kaduna, gidaje da dama suka rasa abin da suka dogara a kai. Idan abin hannu ya ragu, ƙaramar magana takan zama babbar rigima.

Mun shirya wannan darasi domin a karanta shi a ƙungiya, ko a taron ma'aurata, ko a Zumuntar Mata da ta Maza, ko kuma miji da mata su karanta su biyu. Mun ɗauki batun rumbu a matsayin misali, amma abin da za mu koya zai yi amfani tsakanin wa da ƙane, tsakanin uwar miji da matar ɗa, da tsakanin iyaye da 'ya'yansu da suka girma.

Abin da ya faru a wani gida

Wannan labari ba na gida ɗaya ba ne. Mun haɗa shi ne daga abubuwan da muka sha gani.

Wani magidanci da matarsa da yaransu shida sun sami masara buhu 18. A watan Disamba maigidan ya kira 'yan kasuwa ya sayar da buhu 10, bai gaya wa matarsa ba. Ya biya bashin taki, ya sayi tsohon babur da sauran kuɗin. Matar ta dawo daga rafi ta tarar ana loda buhuna a mota. Ba ta ce komai ba a gaban baƙi, ba ta kuma ce komai ba bayan sun tafi. Mako biyu tana ajiye masa tuwo ta juya baya. Daga baya ita ma ta riƙa ɗiban masara da mudu tana kaiwa kasuwa a ɓoye, har ta sayar da kimanin buhu 2, tana cewa a ranta ai ita ma ta yi noma.

Gidan yana cin buhu ɗaya a wata. Saura buhu 6 ke nan. Kafin ƙarshen watan Yuni rumbu ya zama wayam. A watan Yuli da Agusta, lokacin da hatsi ya fi tsada, suna awo da mudu. Maigidan ya koma yin ƙwadago a gonar wasu domin a ci, ciyawa ta cinye tasa gonar. 'Yarsu ta fari ta zauna a gida zango guda saboda kuɗin makaranta.

Da dattawa suka zaunar da su, sai gaskiya ta fito. Shi maigidan kunya ce ta dame shi, domin mai bashi yana ta aiko masa, yana kuma so ya sami abin yi da rani ta wurin ɗaukar fasinja. Ita kuma tsoron yunwar damina take yi, da makarantar yarinya. Dukansu biyu alherin gida suke nema. Abin da ya ɓace shi ne zama na awa ɗaya kafin a kira 'yan kasuwa.

Saɓani ba zunubi ba ne

Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Harshe da haƙori ma sukan saɓa, ga su kuwa a baki ɗaya. Allah bai halicci mutum biyu da tunani iri ɗaya ba. Littafi Mai Tsarki bai ɓoye mana saɓanin bayin Allah ba. Makiyayan Ibrahim da na Lutu sun yi faɗa a kan wurin kiwo (Farawa 13). Ikilisiya ta fari ta sami gunaguni a kan rabon abinci ga gwauraye (Ayyukan Manzanni 6:1-7). Bulus da Barnaba sun rabu saboda Yohanna Markus (Ayyukan Manzanni 15:36-41), daga baya kuma Bulus da kansa ya aika a kawo masa Markus domin yana da amfani a gare shi (2 Timoti 4:11).

Saboda haka kada mu ji kunya idan mun saɓa da juna. Gidan da ba a taɓa jin gardama ba, sau da yawa gida ne da mutum ɗaya ya daina magana saboda tsoro. Abin da zai gina gida ko ya rushe shi, shi ne yadda muke yi da saɓanin idan ya zo.

Mu nemi saiwar matsala

Rikici yana kama da ciyawar da muke nomewa. Idan mun sare ganye muka bar saiwa, da ruwa ya sauka za ta sake tsirowa. Abin da ake faɗa da baki shi ne ganye. Abin da yake cikin zuciya shi ne saiwa. Ga wasu saiwoyi da muka fi gani:

• Tsoro. Tsoron yunwa, tsoron bashi, tsoron ciwo ya zo babu kuɗin asibiti.
• Jin an raina mutum. Mace ta yi shuka, ta yi noma, ta yi girbi, amma ba a tambaye ta ba ranar sayarwa. Ko kuma namiji ya ji matarsa tana faɗin rashinsa a gaban ƙawayenta.
• Ɓoye-ɓoye. Bashin da ba a faɗa ba, adashin da ba a sani ba, kuɗin da ake aika wa dangi a asirce.
• Rashin sanin iyaka. Ba a taɓa zama an fayyace abin da yake na gandu, wato na gida duka, da abin da yake na gayaunar mace ko ta saurayi ba.
• Gajiya da yunwa da shaye-shaye. Da kaka burukutu yakan yi yawa, kuɗi kuma yana hannu.
• Tsohon ciwo. Laifin bara da ba a taɓa warwarewa ba.

Idan gardama ta tashi a kan gishiri ko a kan kaza, mu tambayi kanmu, ainihin mene ne yake damuna? Mene ne kuma yake damun ɗan'uwana?

Halaye huɗu masu kashe magana

Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka mai suna John Gottman ya yi shekaru da yawa yana nazarin yadda ma'aurata suke gardama. Ya nuna halaye huɗu da suke lalata aure idan suka zama jiki. Ko da yake a wata ƙasa ya yi aikinsa, duk wanda ya taɓa zaman sasanci a ƙauye zai gane su.

1. Sukar mutum maimakon faɗin laifin. Akwai bambanci tsakanin "Ba ka gaya mini za ka sayar ba" da "Kai dai ba ka da tunani tun fil azal." Na fari yana magana a kan abu ɗaya da za a iya gyarawa. Na biyu ya yanke wa mutumin hukunci gaba ɗaya.

2. Raini. Tsaki, harara, gatse, habaici, kwaikwayon muryar mutum, zagin iyayensa ko ƙabilarsa. Gottman ya ce wannan ne ya fi sauran haɗari. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.

3. Kare kai. Ana gaya mana damuwa, mu kuma muna neman laifin da za mu mayar. "To ke fa, ba ke kika sayar da akuya bara ba?" Ta haka laifi biyu suke tsayawa, babu wanda aka warware.

4. Yin shiru na ƙeta. A daina gaisuwa, a ƙi cin abinci, a tashi a bar mutum yana magana, a riƙa aiken yara da saƙo alhali ana gida ɗaya. Wannan ba haƙuri ba ne. Haƙuri yana jiran lokacin da ya dace domin a yi magana. Gaba kuwa hukunci ce.

Kowannenmu ya bincika kansa. Wanne ne daga cikin huɗun nan ya fi kama ni? Kada mu fara da na abokin zama.

Matakai bakwai na magana mai gina gida

Mataki na 1: Mu zaɓi lokaci. Ba lokacin da mutum ya shigo daga gona da yunwa ba, ba lokacin da ake shirin tafiya sujada ba, ba kuma lokacin da ɗaya ya sha ba. A nemi izini tukuna: "Baban yara, akwai maganar da nake so mu yi. Bayan cin abinci ya yi maka?" Wasu sun ɗauka cewa gargaɗin Afisawa 4:26 a kan kwana da fushi yana nufin dole a gama kowace gardama a daren nan. Abin da ake nema shi ne kada mu riƙe fushi muna kiwonsa. Muna iya cewa, "Raina ya ɓaci, amma ba na gaba da ke. Gobe da safe za mu zauna."

Mataki na 2: Mu zaɓi wuri. Ba a tsakar gida a gaban yara da maƙwabta ba. Wanda aka kunyata a gaban jama'a ba zai ji gaskiya ba, mutuncinsa zai tsaya karewa. A shiga ɗaki, ko a tafi gona tare, a zauna. Magana a zaune ta fi magana a tsaye sanyi.

Mataki na 3: Mu fara da sauraro. Yakubu 1:19 ya sa ji a gaba, magana da fushi a baya. Karin Magana 18:13 kuma ya kira amsa kafin a saurara wauta. Ga wata dabara mai sauƙi. A ɗauki zangarniyar dawa ko cokali. Wanda yake riƙe da shi ne kaɗai zai yi magana. Idan ya gama, kafin ɗayan ya ba da amsa, sai ya maimaita abin da ya ji da nasa kalmomi: "Idan na gane ki, kina tsoron kada abinci ya ƙare kafin sabuwar masara. Haka ne?" Sai an ce haka ne, sa'an nan a miƙa zangarniyar. Maimaita maganar mutum ba ya nufin mun yarda da ita. Yana nuna mun ji ne kawai.

Mataki na 4: Mu faɗi abin da ya faru, da yadda muka ji, da abin da muke roƙo. Misali: "Da na ga ana loda masara ban sani ba, na ji kamar wahalar da na sha a gona ba a bakin komai take ba. Ina roƙo nan gaba mu yi shawara kafin a kira 'yan kasuwa." A guji kalmomin "kullum" da "ba ka taɓa" domin da wuya su zama gaskiya, kuma su ne suke jawo musu. A tsaya a kan magana ɗaya. Ranar maganar masara ba ranar maganar abin da ya faru a bikin ƙanwarsa ba ce.

Mataki na 5: Mu yi tambaya kafin mu yanke hukunci. A cikin Joshuwa 22, kabilan Ra'ubainu da Gad da rabin kabilar Manassa sun gina babban bagade kusa da Kogin Urdun. Sauran Isra'ilawa suka ɗauka tawaye ne ga Ubangiji, suka taru a Shilo domin yaƙi. Amma kafin su tashi sai suka aiki Finehas da shugabanni goma su je su ji. Ashe an gina bagaden ne domin ya zama shaida, kada wata rana a ce wa 'ya'yansu ba su da rabo a cikin sujadar Ubangiji. Tambaya ɗaya ta hana 'yan'uwa zubar da jinin juna. Gidaje nawa ne suka watse saboda "an ce" da ba a bincika ba?

Mataki na 6: Idan zuciya ta hau, mu dakata. Idan fushi ya kama mutum, zuciyarsa takan buga da sauri, numfashi ya canza, kunne ya toshe. A wannan hali babu abin kirki da zai fito. Gottman ya ba da shawara a huta na aƙalla minti 20 kafin a ci gaba. A fita a ba dabbobi ruwa, a yi addu'a, a wanke fuska. Amma wanda ya nemi hutun ya faɗi lokacin da za a dawo, ya kuma cika alkawari. In ba haka ba, hutun ya zama gudu.

Mataki na 7: Mu yanke shawara tare, mu kuma sa ranar dubawa. Kowa ya kawo hanyoyi biyu ko uku. A zaɓi wadda ta biya babbar bukatar kowane ɓangare. A faɗi wa zai yi me, da yaushe. Idan akwai mai iya rubutu a rubuta. Bayan wata ɗaya a sake zama a ga ko abin yana tafiya.

Lissafin rumbu

Rigakafi ya fi magani. Muna ba kowane gida shawara su yi wannan zama kowace shekara, kafin a sayar da ko mudu ɗaya. A sami duwatsu ko ƙwayar masara, kowace ɗaya ta tsaya a madadin buhu ɗaya. Ta haka wanda bai yi makaranta ba ma zai bi lissafin. Sai a kasa su kashi-kashi a kan tabarma:

• Zakka da baikon godiya.
• Abincin gida har zuwa sabon girbi. Uwargida ce ta fi kowa sanin mudu nawa ake ci a rana, saboda haka ita za ta fara magana a nan.
• Iri na baɗi.
• Bashin da ake bin gida, duka, ba tare da ɓoye ko ɗaya ba.
• Kuɗin makaranta na watan Janairu da na zangon da ke biye.
• Taki da kuɗin noma.
• Abin ajiya domin ciwo ko rasuwa ko baƙi.
• Kirsimeti da sutura.
• Taimakon iyaye, na ɓangaren miji da na ɓangaren mata.

Sau da yawa duwatsun ba za su isa ba. Wannan shi ne amfanin zaman. Gara a gane haka a watan Nuwamba a kan tabarma, da a gane a watan Yuli a gaban tukunya. A nan ne za a yi shawara ko a rage hidimar Kirsimeti, ko a sayar da akuya maimakon hatsi, ko a roƙi mai bashi ya karɓi rabi, ko a yi noman rani. Mun sani hatsi yakan yi araha da kaka ya kuma yi tsada da damina, ko da yake akwai shekarun da farashi yakan saɓa wa haka. Idan an amince za a ajiye wani kashi, a busar da shi sosai a zuba a buhun da iska ba ta shiga, irin buhun PICS, domin kada ƙwari su cinye. A kuma amince cewa babu wanda zai taɓa kason abinci sai da sanin ɗayan. Yara manya da suka yi aiki a gona su ma a ji ta bakinsu.

Surukai, dangi da waya

Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Idan miji da mata ba sa magana da juna, kowa zai kai maganarsa waje, kuma wanda aka kai wa ɓangare ɗaya ya ji. Karin Magana 18:17 ya tuna mana cewa mai fara kawo ƙara yakan zama kamar shi ne mai gaskiya, sai ɗayan ya zo. Ma'aurata sukan shirya su manta, amma uwar da aka gaya wa ba ta mantawa da wuri.

Idan matsalar ta shafi dangin miji, shi ne ya kamata ya yi musu magana cikin ladabi. Idan ta dangin mata ce, ita za ta yi. Miji yana iya cewa, "Mama, mun ji bukatarki. Bari mu yi shawara da maman yara, gobe zan zo miki da amsa." Wannan bai rage girman Mama ba, ya kuma nuna cewa gidan bakinsa ɗaya.

Ga waɗanda suke tafiya cin rani, mu yi hankali da waya. Saƙon da aka rubuta ko aka ɗauka da murya cikin fushi yana nan ajiye, ana iya sake jinsa, ana iya tura wa wasu. Babbar magana a bari sai an haɗu, ko a kira a yi ta a natse. Kada mu sa habaici a WhatsApp ko Facebook domin duniya ta gani.

Yaushe za a kira na uku?

Ubangiji Yesu ya ba mu tsari a Matiyu 18:15-17. Da fari a je wurin mutumin shi kaɗai. In bai ji ba a tafi da mutum ɗaya ko biyu. Sai bayan haka a kai wa ikilisiya. Mu sau da yawa mukan juya tsarin, gari duka ya ji kafin mai laifin ya ji. Manufar tsarin kuwa ita ce a maido da ɗan'uwa, ba a kunyata shi ba. Bulus ma ya roƙi wani abokin aikinsa ya taimaki Afodiya da Sintiki su daidaita (Filibiyawa 4:2-3). Neman taimako ba abin kunya ba ne.

Mai shiga tsakani ya zama wanda ɓangarorin biyu suka yarda da shi, mai riƙe asiri. A maganar aure ya fi kyau a sami namiji da mace, kamar dattijo da matarsa, domin macen ta sake ta faɗi abin da yake ranta. Ya ji kowa shi kaɗai tukuna, sa'an nan ya haɗa su. Ya ba kowa lokaci daidai. Kada ya yi saurin cewa "ku yi haƙuri" ya rufe da addu'a alhali ba a taɓa saiwar ba. Kada kuma a ce wa mace kaɗai ta durƙusa domin ita ce ƙarama. Wanda ya yi laifi shi ne zai nemi gafara.

Duka ba saɓani ba ne

Dole mu faɗi wannan a fili. Duk abin da muka koya a sama na mutanen da suke iya zama su yi magana ba tare da tsoro ba ne. Inda ake duka, ko barazana da makami, ko hana abinci, ko korar mace da yara cikin dare, wannan zalunci ne. Babu ayar da ta ba da izininsa. Afisawa 5:25-29 ya kira miji ya ƙaunaci matarsa ya kula da ita kamar jikinsa. Dokar ƙasa ma ta hana. A shekarar 2015 aka sa hannu a kan dokar tarayya ta hana cin zarafin mutane, wadda ta haramta dukan abokin aure, da korarsa daga gida da ƙarfi, da yasar da iyali babu abin ci. Yawancin jihohi sun kafa irinta.

A irin wannan hali abu na fari shi ne a tsare rai. A kai wanda aka ji wa rauni asibiti, a sama masa wurin da zai fake, a sanar da hukuma idan akwai haɗari. Kada ikilisiya ta mayar da mace inda ake dukanta da sunan haƙuri, sai an ga tuba ta gaskiya da ta daɗe, ana kuma bibiya.

Neman gafara da yin gafara

"In na yi miki laifi ki yi haƙuri" ba neman gafara ba ne. Neman gafara na gaskiya yana kiran laifin da sunansa: "Na sayar da masara ban gaya miki ba. Ban kyauta ba. Na sa ke da yara cikin wahala. Ki gafarta mini. Daga yau ba zan buɗe rumbu domin sayarwa ba sai mun yi shawara." Babu "amma" a ciki. Idan akwai abin da za a iya mayarwa, a mayar, kamar yadda Zakka mai karɓar haraji ya yi (Luka 19:1-10).

Wanda ya gafarta kuma ya daina tono maganar a kowace gardama. Gafara ana iya yin ta a rana ɗaya, amma amincewa takan dawo a hankali, kamar itacen da aka sare yana tohowa. Kada mai laifi ya yi fushi domin ba a sake da shi nan da nan ba.

Nazarin Littafi Mai Tsarki: 1 Sama'ila 25:1-38

A karanta nassin da ƙarfi, sa'an nan a tattauna. Labarin ya faru ne lokacin sausayar tumaki, wanda yake kamar kaka ga makiyayi. Nabal yana da tumaki 3,000 da awaki 1,000.

1. Me Dawuda ya roƙa, ta yaya kuma samarinsa goma suka gabatar da roƙon? Wace irin amsa Nabal ya bayar?
2. Wanne daga cikin halaye huɗun nan muka gani a bakin Nabal?
3. Dawuda ya tashi da mutum wajen 400 da takuba. Hukuncin da ya yanke cikin fushi ya yi daidai da laifin?
4. A aya ta 17 baran ya nuna cewa ba a iya yi wa maigidansa magana. Akwai wanda yake jin tsoron kawo mana magana a gidanmu? Me ya sa?
5. Waɗanne abubuwa Abigel ta yi, waɗanne kuma ta faɗa, da suka kwantar da zuciyar Dawuda?
6. Me ya sa ta jira har safiya kafin ta gaya wa mijinta abin da ya faru (aya 36-37)?
7. Abigel ta fita ba da sanin mijinta ba domin rayuka suna cikin haɗari. Mene ne bambancin wannan da sayar da hatsi a ɓoye?

Aikin ƙungiya

A zaɓi mutum biyu su yi wasan kwaikwayo na labarin buhu 18. Karo na fari su yi shi yadda ya faru. Karo na biyu su fara daga daren da mai bashi ya aiko, su bi matakai bakwai, su yi lissafin rumbu da duwatsu 18 a gaban kowa. Sauran jama'a su lura su faɗi abin da ya canza. Zai yi kyau a karo na uku namiji ya ɗauki matsayin matar, mace ta ɗauki na mijin. Za a yi dariya, amma za a koyi abu.

Tambayoyi domin tattaunawa

• A ƙauyenmu wa yake yanke shawara a kan sayar da amfanin gona? Haka yake a zamanin kakanninmu?
• Waɗanne al'adunmu na sasanci ne suke da kyau da ya kamata mu riƙe? Waɗanne ne suke danne marar ƙarfi?
• Me yaranmu suke koya daga yadda muke gardama?
• Su wane ne a ikilisiyarmu, maza da mata, za a iya horarwa su zama masu shiga tsakani?
• Idan aka kori mace da dare a ƙauyen nan, ina za ta kwana? Ikilisiya tana da shiri?

Abin yi a wannan mako

Kowane gida ya sa rana ɗaya domin lissafin rumbu kafin kasuwa mai zuwa. Kowannenmu kuma ya tuna da mutum ɗaya da magana ta tsaya tsakaninsu, ko mata, ko miji, ko ɗan'uwa, ko suruka, ya ɗauki mataki na fari, ko da gaisuwa ce. Kada mu jira ɗayan ya fara. Ibrahim ne babba, amma shi ya fara zuwa wurin Lutu.

Mu rufe da addu'a domin gidajen da suke cikin gaba a yanzu, domin waɗanda bashi ya hana su barci, da kuma domin fastoci da dattawa da shugabannin mata masu aikin sasanci. Ubangiji ya ba mu kunnen ji da harshe mai taushi, ya sa albarka a rumbunanmu, ya kuma ba gidajenmu salama. Amin.